Agola da Matar Uba a Finafinan Soyayya na Talabijin ɗin Amurka

Gabatarwa

Daga cikin jigogin da masu shirya finafinan soyayya na talabijin a Amurka suka daɗe suna juyawa, akwai auren mutum biyu waɗanda ɗayansu ko dukansu suka riga suka haihu a wani auren. A irin wannan labari akwai 'ya'ya a tsakanin masoyan, waɗanda ba a shawarce su ba, amma dole su zauna a inuwar auren. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ake ƙulla wannan rikici da yadda ake warware shi. Ra'ayinmu shi ne, finafinan kan rage wa kansu aiki ta hanya biyu: su kawar da tsohuwar mata ko tsohon miji tun kafin labari ya soma, sannan su rufe labari a daidai inda ainihin zaman zai fara.

Mutuwa a Matsayin Dabarar Zubi

A 1991 tashar CBS ta nuna fim ɗin Sarah, Plain and Tall, wanda aka gina a kan littafin Patricia MacLachlan na 1985. Jacob Witting manomi ne a jihar Kansas, matarsa ta rasu wajen haihuwa ta bar masa 'ya'ya biyu, Anna da Caleb. Sai ya sa cigiyar mata a jarida, Sarah kuma ta amsa daga jihar Maine, ta zo zaman gwaji. Ƙarfin fim ɗin yana wajen Anna, wadda ta san uwarta, take kuma ganin karɓar baƙuwa tamkar cin amanar mamaciya. Caleb kuwa, da bai tashi ya ga uwa ba, shi ya fara sakin jiki. Wannan bambanci an lura da shi da kyau, domin shekarun yaro da abin da yake iya tunawa su ke yanke yadda zai karɓi matar uba.

Haka zubin yake a Love Comes Softly, wanda tashar Hallmark ta nuna a 2003, daga littafin Janette Oke na 1979. Mijin Marty ya rasu a hanyarsu ta neman wurin zama a yammacin Amurka, ya bar ta da ciki. Clark Davis, wanda shi ma matarsa ta rasu, ya nemi ta aure shi don ta sami mafaka lokacin hunturu, ita kuma ta riƙe masa 'yarsa Missie. A nan ma yarinyar ta yi tirjiya, sannan ta sauko. Sai dai mu lura, agolan da Marty ta kawo gidan jariri ne. Jariri ba ya jayayya a kan ɗaki ko kwanon abinci, ba ya kuma cewa an fifita wani a kansa.

A duka finafinan biyu, wanda zai iya zama abokin hamayya yana kabari. Wannan dabara tana da tarihi. A cikin shirin The Brady Bunch, wanda tashar ABC ta nuna daga 1969 zuwa 1974, Mike mai 'ya'ya maza uku matarsa ta rasu, ya auri Carol mai 'ya'ya mata uku. Mai shirin, Sherwood Schwartz, ya so Carol ta zama wadda aurenta ya mutu, tashar ba ta yarda ba, sai aka yi shiru a kan tsohon mijinta har shirin ya ƙare. Ko a fim ɗin silima na Stepmom na 1998, inda aka bar uwar 'ya'yan da rai tana karawa da budurwar tsohon mijinta, ciwon daji aka ɗora mata kafin a sami sulhu.

Abin da Dabarar ke Ɓoyewa

Ba mu ce mutuwa ƙaramin abu ce ba, kuma juyayin maraya jigo ne mai nauyi. Amma ta fuskar zubi, mamaci ba ya neman a kawo masa 'ya'ya ran hutu, ba ya ƙorafin kuɗin makaranta, ba ya kuma tambayar yaro abin da aka ba shi ya ci a wancan gidan. Da zarar an kawar da shi, sai rikicin ya taƙaita ga zuciya, watau abin da kuka ɗaya da afuwa ɗaya kan iya warwarewa cikin fim na ƙasa da awa biyu, mai tallace-tallace a tsakani, wanda aka shirya don iyali su kalla tare.

A nan ne harshenmu zai taimaka wa manazarci. Bahaushe ya ware wa ɗan da mace ta zo da shi gidan miji suna nasa, agola. Ya bambanta ɗan uwa da ɗan uba, har ya ciro kalmar 'yan'ubanci don gasar da ke tsakanin waɗanda suka haɗa uba suka raba uwa. Ya kuma san agola ba ya cin gadon mijin uwarsa. Duk wanda ya tashi da waɗannan kalmomi zai tambayi abin da finafinan ba su tambaya ba: wa ke da ikon tsawata wa ɗan wani? Ina dangin mamaciyar, waɗanda jikokinsu ke hannun baƙuwa? Yaya matsayin Missie zai kasance idan jaririn ya girma, aka kuma haifi ƙannen da suka haɗa su biyu? Gaskiya ne an yi wa finafinan biyu ci gaba, kamar Skylark na 1993, amma a can fari da ƙaura su ne manyan matsalolin, gidan kuwa an riga an ɗauka ya haɗu.

Dole kuma mu yaba musu a kan abu ɗaya. Tatsuniyoyin Turawa da namu sun daɗe suna zana matar uba a matsayin azzalumar marainiya. Sarah da Marty sun fita daga wannan zane, domin kowaccensu baƙuwa ce mai nata tsoron, wadda take neman wurin tsayawa a gidan da wata ta shimfiɗa.

Kammalawa

Abin da muke tsoro shi ne mai kallo da ke cikin irin wannan zama ya auna kansa da ma'aunin fim, ya ga shekara uku ta wuce agolansa bai kira shi baba ba, ya ɗauka shi ne ya gaza. Haɗa gida biyu aiki ne na shekaru, kuma sau da yawa iyakar abin da ake samu shi ne girmama juna, wanda shi ma ba ƙaramar nasara ba ce. Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubuta ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo a kan wannan jigo, shawararmu ita ce su bar tsohuwar matar da ranta da lafiyarta, su kuma fara labarin daga safiyar da baƙin biki suka watse, lokacin da za a yanke wanda zai kwana a wane ɗaki.