Sukuwar Mota a Talabijin: Abin da Ba a Nuna Mana

Jama'a, akwai wani wasan talabijin da ya shiga ran samarinmu na nan Niyok, sunansa Street Outlaws. Tashar Discovery ce ta fara nuna shi cikin 2013. Ni ma na zauna na kalla, don kada in yi suka a kan ji-ta-ji-ta.

Labarin ba shi da wuya. Waɗansu direbobi ne na birnin Oklahoma, kowa ya gyara motarsa, in dare ya yi su fito bibbiyu su yi tsere bisa titi, a ci kuɗi, a ci suna. Masu ɗaukan hoton sun iya aikinsu, ba shakka. Yaron da ke son makanikanci kuma zai ƙaru da ganin yadda ake kwance inji a ɗaura.

Amma ga aibinsa. Ana nuna mana kamar satar hanya ake yi, ana wasan ɓuya da 'yan sanda. Alhali kuwa rufe titin ake yi da iznin hukuma, masu ba da agaji suna tsaye a gefe. Wannan shi ne ba a cika nunawa ba, don in an nuna, wasan ya rage daɗi. Wato an ba yaro sukuwa, an ɓoye masa linzami.

Duk da shirin nan, cikin watan Agusta 2022, ana cikin ɗaukan wani reshe na wasan kusa da Las Vegas, motar wani direba Ryan Fellows ta kife ta kama wuta, ya rasu. To, in haka ta sami gwani a hanyar da aka share masa, ina ga ɗan shekara 18 bisa Grand Concourse a Bronx, inda tsofaffi da 'yan makaranta ke tsallakawa?

Ku tuna, tun Nuwamba 2014, zamanin Magajin Gari de Blasio, aka mai da iyakar gudu cikin gari mil 25 a awa, sai inda allo ya nuna wani abu dabam. Ba don mugunta aka yi ba. In ka ninka gudu sau 2, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya sau 4 yake ninkuwa. Wasan bai taɓa tsayawa ya koya wa mai kallo wannan lissafi ba.

Iyayenmu, ban ce a kashe akwatin ba, yaro zai kalla a waya. Ku zauna tare da shi, ku tambaye shi, "Wa ya rufe musu hanya? Kai wa zai rufe maka?" Ku kuma samari, in wasa ya ƙare su suna karɓar lada. Ku in ta ɓaci, zongo ne zai yi karo-karon kai gawa gida.

Allah ya kiyashe mu, amin.