Tsoron da Ya Baro Daji Ya Shigo Ɗaka

Bahaushe ya raba wa tsoro da kunya mazauni tun tuni, ya ce tsoro na daji, kunya na gida. A daji kura take, can ɗan fashi yake tare hanya, can ne tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Da zarar mutum ya sako ƙafa zaure, ya tura ƙyaure ya sa sakata, sai ya sauke ajiyar zuciya. To akwai wani jinsin finafinan ban tsoro da sana'arsa ita ce rushe wannan rabo, wato finafinan gidan da fatalwa ko aljanu suka mamaye. Su kan ɗauko tsoro daga daji su shimfiɗa masa tabarma a uwar ɗaka. Na daɗe ina kallonsu, kuma a ganina wannan ne ya sa suka fi finafinan kisa da wuƙa, ko na dodon da ke fitowa daga teku, daɗewa a zuciya. Dodon teku ana baro shi a teku. Wanda ya gama kallon fim ɗin gida kuwa, a gida zai kwana.

Daga littafi abin ya faro. A 1764 Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto a Ingila, labarin tsohuwar fada mai lunguna da ƙofofin ɓoye. Daga nan marubuta suka yi ta sauko da fatalwa ƙasa-ƙasa, daga fadar sarakuna zuwa gidan masu hali, har ta iso gidan ma'aikacin da ke biyan bashin banki. A 1919 Sigmund Freud ya lura cewa kalmar da Jamusawa ke kiran irin wannan tsoro da ita, daga kalmar gida aka ciro ta. Abin da ka sani, ka saba da shi, shi ne ya rikiɗe ya zama baƙo.

Harshenmu ya bambanta abubuwa biyu da masu kallo kan cakuɗa. Akwai razana, akwai fargaba. Razana ta ƙiftawar ido ce: an buga ƙara, ka zabura, ka yi salati, ka koma ka zauna. Kowa zai iya razana ka, ko yaron da ya laɓe bayan ƙofa. Masu nazarin fim sukan danganta wannan dabara da Cat People na 1942, wanda Val Lewton ya shirya. Wata mata tana tafiya da dare tana jin takun sawu a bayanta, takun ya ɗauke, sai ga wani huci kamar na damisa, ashe birkin motar bas ce ta tsaya. Amma ko a can, abin da ya sa hucin ya yi aiki shi ne doguwar tafiyar da ta gabace shi. Wannan tafiyar ita ce fargaba, zaman ɗar-ɗar na wanda ya san wani abu yana tafe bai san ta inda zai ɓullo ba. Gwanin darakta a nan yake zuba basirarsa.

Ban san fim ɗin da ya kai The Haunting na 1963 iya wannan ba. Robert Wise ne ya ba da umarni, kuma a hannun Lewton ya fara wannan sana'a, labarin kuwa daga littafin Shirley Jackson na 1959 aka ɗauko shi. Mutum huɗu ne suka tare a wani tsohon gida don binciken abin da ake faɗa a kansa. Daga farkon fim ɗin har ƙarshensa ba a nuna fatalwa ko sau ɗaya ba. Abin da ake ba ka shi ne bugu, kamar ana dukan bango da taɓarya. Yana farowa daga nesa, ya biyo baranda yana matsowa, ya zo daidai ƙofar ɗakin da mata biyu suka ƙanƙame juna, ya yi tsit. Sai marfin ƙofa ya fara juyawa a hankali. A wani daren kuma ƙyauren katako mai kauri ya dinga kumburowa ciki yana komawa, sai ka ce ƙirjin mai numfashi.

Wurin da ya fi tayar mini da tsikar jiki babu ma bugu a cikinsa. Eleanor, ɗaya daga cikin matan biyu, tana kwance cikin duhu, kyamara ta tsaya a kan zanen bango har idonka ya fara ƙera fuska daga cikinsa. Ana jin gunagunin namiji, da dariyar mace, sannan kukan yaro. Tana riƙe da hannun abokiyar kwananta, tana roƙonta ta sassauta don matsar ta yi yawa. Da ta ƙwalla ihu aka kunna fitila, sai ga ta a kan doguwar kujera ita kaɗai, abokiyar tata tana can kan gado a ɗaya ɓangaren ɗakin. To hannun wa ta riƙe? Fim ɗin bai amsa ba, kai zai bari ka tafi da tambayar makwancinka. Wise ya kuma yi amfani da wani gilashin kyamara mai lanƙwasa hoto, don haka ko bangon gidan bai tsaya daidai ba, ido yana jin akwai matsala tun kafin hankali ya gano ta.

Ana cewa gani ya kori ji, kuma a wannan sana'a maganar tana cika ta mummunar hanya. A 1999 Jan de Bont ya sake yin fim ɗin da kuɗi masu yawa da zanen kwamfuta. Gumaka suna motsi, fuskoki suna fitowa daga labule, fatalwar mai gidan ta bayyana ƙiri-ƙiri. Duk tsoron ya zube. Abin da ido ya gani yana da tsawo da faɗi, ana iya auna shi, ana iya raina shi. Abin da kunne ya ji kuwa, zuciyar mai kallo ce take ƙera masa jiki, kuma kowa da irin dodon da ya taso da shi. Shi ya sa Oren Peli ya yi nasara da Paranormal Activity na 2007, wanda ya ɗauka a gidansa da kimanin dala 15,000, ya kuma tara sama da dala miliyan 190. Kyamara ce kafe tana kallon gado da buɗaɗɗiyar ƙofa, agogo yana tafiya a gefen hoto. Ƙofar ta ɗan motsa kaɗan, shi ke nan, amma ka riga ka share mintuna kana lalube kowane lungu na hoton da idonka. Ko Stanley Kubrick, da duk kayan aikinsa a The Shining na 1980, da kunne ya kama mutane: ƙarar keken yaro a kan daɓen katako, shiru a kan darduma, ƙara, shiru, har a sha kwana.

Duk wanda ya taɓa kallon irin waɗannan finafinai cikin jama'a ya ji wani ya ce, "To su tashi mana!" Tambaya ce mai kyau, kuma ingancin fim yana rataye ne a kan amsarta. The Amityville Horror na 1979 ya ginu a kan kisan gaske: a Nuwamban 1974 Ronald DeFeo ya harbe mutum shida 'yan gidansu a wani gari na jihar New York. Bayan shekara guda iyalin Lutz suka sayi gidan da araha, suka fice bayan kwana 28 suna cewa an hana su sakat. Ni ban gaskata labarinsu ba, lauyan DeFeo da kansa ya ce tare suka kitsa shi, waɗanda suka zauna a gidan daga baya kuma ba su ga komai ba. Fim ɗin ma ba gwani ba ne. Amma Stephen King ya hango abin da ya ja mutane gare shi, wato tsoron talauci. Magidanci ya zuba duk abin da ya mallaka a gida, gidan yana lalacewa a hannunsa, kuɗin biki sun ɓace a falo, sana'a tana durƙushewa. Ina zai je? Duk wanda ya taɓa tara kuɗin bulo shekara da shekaru ya san nauyin wannan tambaya.

A nan ne rabin karin maganar na biyu yake shigowa. Idan ka tone yawancin fatalwowin nan, abin kunya za ka tarar an binne. A Poltergeist na 1982, masu gina unguwa sun kwashe alamun kaburbura sun bar gawarwakin a ƙasa don rage kashe kuɗi. A The Changeling na 1980, uba ne ya kashe ɗansa maras lafiya ya musanya shi da wani saboda gado. A Ju-On na Japan, miji ne ya hallaka iyalinsa, fushin ya maƙale a gidan yana bin duk wanda ya shiga. Tsoron bai shigo daga waje ba, kunyar gidan ce da aka ƙi faɗa ta yi tsiro.

His House na 2020, wanda Remi Weekes ya yi, shi ya haɗa waɗannan zaruruwa ya tufka su igiya ɗaya. Bol da Rial sun tsere wa yaƙin Sudan ta Kudu, sun haye teku a kwalekwale, yarinyar da ke tare da su ta nutse. A Ingila aka ba su wani gida mai ɓawon bango da kyankyasai, da sharaɗin ba za su yi aiki ba, ba kuma za su tashi daga gidan ba, in ba haka ba a mayar da su inda suka fito. Ka ga an toshe bakin mai cewa su tashi. Da dare muryoyi suna fitowa daga cikin bango, Bol yana farfasa shi da guduma yana neman mai maganar, da safe kuma ya sa riga ya je ofishin jami'an da suka ba su gidan yana murmushi don kada a ce ba su dace da zama ba. Can gaba gaskiya ta fito: yarinyar ba 'yarsu ba ce. Bol ne ya fizge ta a cikin turmutsutsu don a bar su su hau motar da ba ta ɗaukar kowa sai masu yara, uwarta tana bin motar da gudu tana kuka. Na kalli wannan wuri sau biyu, kuma duk fuskokin da suka leƙo daga bango ba su kaɗa mini hanta kamar gudun matar nan ba.

Rauni mafi girma na jinsin yana zuwa ne a ƙarshen fim. The Conjuring na James Wan, na 2013, ya fara da kyau ƙwarai. Wasan ɓuya da tafi da uwa take yi da 'yarta, ido ɗaure, har hannuwan da ba na kowa ba suka fito daga kabad suka tafa, aiki ne na gwani. Amma da aka zo cire aljani sai ihu da jifa da kujera mai tashi sama suka karɓe fagen, fargabar da aka yi awa guda ana tarawa ta watse.

Mu nan mun san wannan jinsi tun zamanin finafinan Indiya na 'yan gidan Ramsay, irin su Purana Mandir na 1984, kuma ba a buƙatar a koya mana tsoron kango, ko dalilin da ake kiran yara su shigo da magariba. Gininmu ma kamar don wannan aka yi shi: zaure bayan zaure, tsohuwar rijiya a tsakar gida, ɗakin marigayi da aka kulle shekara goma ana rigimar gado. Kira na ga masu shirya finafinanmu shi ne su rage dogaro da hoda a fuska da jan ido da dariyar aljana. Su nemi mai ɗaukar sauti na kirki, su kafa kyamara a bakin zaure, su yi haƙuri su bar ta ta jira.