A Ba Mai Keke Hanyarsa

Jama'a, kun ga sabon yayin da ya shigo garin nan. Samari sun sayi keken tsere mai siririyar taya, sun ɗora hular kwano, sun matse cikin kaya masu ƙyalli, suna fita ayari-ayari da sassafen Asabar da Lahadi. Kafin hantsi an ɗau hoto an watsa a Facebook. A ƙarƙashin hoton kuma sai ka tarar ana ta tura bidiyon Turai: kogi na gudana a hagu, gonakin inabi sun hau gangaren dutse a dama, a tsakiya ga 'yar kwalta sumul babu mota ko ɗaya, tsoho da jikarsa na murza feda hankali kwance. Kowa na rubuta "Allah Ya kai mu." Ni kuwa duk sanda na ga bidiyon nan raina ɓaci yake yi, domin mun tsaya kallon inabi mun bar abin da ya shafe mu.

Waɗannan hanyoyi na gaske ne. A Jamus akwai wadda ta bi kogin Mosel daga Trier zuwa Koblenz, kimanin kilomita 200. A Faransa ta kogin Loire ta kai wajen kilomita 900. A Ostiriya ta kogin Danube ta ratsa kwarin Wachau tsakanin Melk da Krems, kuma a wurare da dama tsohuwar turbar dawakin da ke jan jiragen ruwa ce aka gyara. Wata da ta gangaro daga garin Daun zuwa Mosel asalinta hanyar jirgin ƙasa ce da ta mutu, aka cire ƙarafan aka shimfiɗa kwalta. Inabin da ke gefe na giya ne, wannan kuwa can ga su gada, ba ruwanmu da shi. Abin da ya shafe mu shi ne mutanen nan sun dubi abin da suke da shi tun fil'azal, bakin kogi da matacciyar turba, suka ce nan ta mai keke ce, mota ba ta shiga.

To mu a Kano ina ta mai keke? A nuna min. Kafin samarin Asabar su farka, akwai masu keke na haƙiƙa da suka riga suka kama hanya. Leburan masaƙa ne, da mai gadi da ya tashi daga aikin dare, da ma'aikacin majema da ya ɗaure kwanon abincinsa a kariya. Daga Hotoro ɗayansu zai fito, ya kutsa tsakanin tankokin mai da ke jere kusa da defo, ya miƙe titin Maiduguri, ya fuskanci gadar Dangi, ya bi Zoo Road har Sharada. Mai zuwa Challawa tafiyarsa ta fi haka nisa. A duk tsawon hanyar nan babu taku ɗaya da zai ce nasa ne. Tsakiyar titi ta tirela ce da tifa. Gefe na A Daidaita Sahu ne da ke taka birki duk inda aka ɗaga masa hannu. Gefen gefe kuma mai shago ya baza kaya, mai mota ya yi fakin, yashi ya taru. Abin da ya rage wa mai keke shi ne bakin kwata da addu'a.

Abin takaicin shi ne garin nan garin keke ne tun asali. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara. A Bompai ɗin nan aka taɓa haɗa keken Rali, wanda iyayenmu ke yi wa ado da geza da madubi biyu, malamin makaranta ya hau, ɗan kasuwa ya hau, babu mai jin kunya. Yau kuwa keke ya zama tambarin talauci. Direba ya leƙo ta taga ya daka maka tsawa, "Kai mai keke, matsa!" kamar da kuɗinsa kaɗai aka yi titin. In aka buge mai keke, tambayar farko da 'yan kallo ke yi ita ce me ya kai shi tsakiyar titi. To ina ne ba tsakiyar titi ba?

Ku duba fa lokacin da muke ciki. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin nan tun 2013. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. Mutane da yawa sun zaro tsohon kekensu daga zaure, suka kai wa mai faci ya sauya tif ya ɗaure sarƙa. Jama'a sun koma keke da kansu, ba wanda ya yi musu wa'azi. A shekarun nan kuma mun ga gadar sama da gadar ƙasa, har da babbar da aka yi mana a shataletalen Hotoro. Na yarda sun rage cunkoso, kuma ina bin su. Amma duk wanda ya taɓa tura keke ƙarƙashin irin waɗannan gadoji, motoci na ɓullowa ta hagu da dama a guje, ya san ba a tuna da shi ba ranar da ake zanen aikin.

Su kuwa samarin tsere, 'yan'uwana, ku yi haƙuri in taɓa ku kaɗan. Wasunku a bayan mota suke ɗora keken, a tuƙa shi zuwa lungunan Nasarawa inda babu tirela, a zaga, a sha ruwan roba, a mayar da shi bayan mota. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ku ma kun san titin ba ya hawuwa. Duk da haka ba zan ƙi faɗin gaskiya ba: kun dawo wa keke da wata ƙima. Yaro yanzu yana ganin ɗan masu kuɗi a kan keke, ya daina yi wa na babansa kallon abin kunya. Wannan alheri ne, Allah Ya saka.

Sai dai ku daina cewa Allah Ya kai mu Turai, ku ɗaga kai ku dubi kudancin Kano. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo, ruwan Kogin Kano ke bin kanal yana shayar da dubban kadada a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Gefen manyan kanal ɗin akwai hanyoyin burji da aka yi don masu kula da ruwa, kuma manoma sun daɗe suna bin su da keke da babur. Ku je lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, ku ga alkama kore shar, ga albasa, ga tumatir ana cika kwanduna za a kai Kwanar Gafan. Daga birni zuwa Kura bai fi kilomita 30 da 'yan kai ba. Da za a daidaita burjin nan, a kafa alamu, a yi rumfunan hutawa, da mai shayi da mai tsire da mai faci na ƙauyukan nan sun samu kasuwa, manomi kuma ya samu hanya mai kyau zuwa gonarsa. Bakin kogin Challawa ma zai yi, in an daina sakar masa ruwan majemu.

Na san za a ce zafi, a ce ƙura, a ce ko an ware wa keke layi, A Daidaita Sahu zai mamaye shi. Zafi bai hana lebura hawa ba, layi kuwa da dakalin kankare ake tsare shi, fenti ba ya tare mota. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su hau keke, bas ta ture shi cikin rami a Abuja. Kira ba tare da hanya ba ƙarshensa ke nan. Birnin Bogota na rufe manyan tituna ga motoci kowace Lahadi, al'adar da ta faro tun 1974. Kigali ma, nan Afirka, tana da ranarta ta hana motoci tun 2016. Ba su fi mu komai ba sai niyya.

Don haka ga roƙona ga masu ayarin Asabar, tunda ku ake ji kuma ku ke da 'yan'uwa a ofisoshi. Ku nemi abu biyu da sunansu. Na farko, layin keke mai dakali daga Hotoro zuwa Bompai, da wani daga Dangi zuwa Sharada har Challawa, domin mai zuwa neman abinci shi ne a gaba. Na biyu, hanyar kanal ta Kadawa don hutun ƙarshen mako. Ku rubuta, ku kai wa 'yan majalisarku, ku tafi da leburan nan a cikin ayarin, domin su suka fi kowa sanin inda titin ke cin mutane.