Labarin Asad bin Furat: rabin da aka tsallake

Jama'a, wani wa'azi da ke yawo a wayoyinmu kwanan nan ya ɗauko labarin Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan, almajirin Imam Malik, wanda ya ja runduna ta teku zuwa tsibirin Siƙilliya a shekara ta 212 bayan Hijira. Malamin ya iya ba da labari, wannan kam ba ma musu. Dattijo mai kusan shekara saba'in a gaban mayaƙa, wa ba zai yi kabbara ba?

To amma ya tsallake inda fiƙihun yake, alhali nan ɗalibanmu masu karatun Risala suka fi buƙata. A lokacin akwai sulhu tsakanin Sarki Ziyadatullahi da Rumawan tsibirin. Wanda ya zo neman a kai harin kuwa, Fimi, kwamandan Rumawa ne da ya yi wa sarkinsa tawaye. Ɗaya alƙalin, Abu Muhriz, cewa ya yi a dakata a bincika kafin a warware alkawari. Asad ya kafa hujja da Musulmin da ake tsare da su can, ra'ayinsa ya rinjaya.

Ƙarshen ma bai faɗa ba. Asad, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 213 suna tsaka da kewaye birnin Sirakusa, annoba na cin rundunar. Birnin bai faɗi ba sai a 264.