Sharhi a kan Wonderwall Music, faifan George Harrison da aka manta

A watan Nuwamba na 1968, George Harrison, makaɗin jita na ƙungiyar Beatles ta Ingila, ya fitar da faifai mai suna Wonderwall Music. Shi ne faifai na farko da wani ɗan ƙungiyar ya yi da sunansa shi kaɗai, kuma shi ne na farko da kamfaninsu na Apple ya buga. Duk da haka, masoyan Beatles da dama ba su taɓa sauraronsa ba.

An shirya kiɗan ne domin wani fim na Joe Massot. Faifan ya ƙunshi kaɗe-kaɗe 19, kusan dukkansu babu waƙa. An ɗauki wasu a Landan, wasu kuma a Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, a watan Janairu na 1968.

Wanda ya zo neman jitar Harrison ba zai ƙoshi ba, domin gogan ya ja da baya, ya bar wa makaɗan Indiya fage. Aashish Khan ya kaɗa sarod, wani abin kiɗa mai tsirkiya, Mahapurush Misra ya buga gangunan tabla, Shivkumar Sharma kuma ya kaɗa santur. Nan ne darajar faifan take. A faifan Sgt. Pepper na 1967, Indiyawan da suka yi wa Harrison kiɗa ba a ambace su ba ko kaɗan. A wannan karo an rubuta sunayensu a bangon faifan.

Sai dai gyaran bai kai ƙarshe ba. Harrison ne kaɗai aka rubuta a matsayin wanda ya tsara kaɗe-kaɗen, alhali a kiɗan gargajiyar Indiya makaɗi yana ƙirƙira ne a daidai lokacin da yake kaɗawa. To, kiɗan na wane ne?

Wani raunin kuma shi ne gajarta. Tun da an auna kowane kiɗa da fitowar fim, sau da yawa yakan yanke kafin ya nuna, a kuma tsallaka zuwa fiyano ko jita ba shiri.

Saboda haka faifan bai kai All Things Must Pass na 1970 ba. Amma ya cancanci saurare, domin a cikinsa ne aka ga shahararren makaɗi ya zauna a matsayin ɗalibi gaban waɗanda suka fi shi sanin kiɗan.