Tsohuwar Tarakta, Sabon Ciki: Ina Gasar Ja Ta Dosa?

A lokacin bazara, bukukuwan manoma a jihohin Ohayo, Indiyana da Ayowa na Amurka ba sa cika sai an yi gasar ja da tarakta. Ana ɗaura wa tarakta wata doguwar tirela mai ɗauke da akwatin nauyi. Tana tafiya akwatin yana matsowa gaba, yana danne farantin ƙarfen da ke gurzar ƙasa, har tayoyi su soma juyawa a wuri ɗaya. Wadda ta fi nisa ita ce zakara, kuma tsawon filin bisa al'ada ƙafa 300 ne, kimanin mita 91.

Babbar gasar da ake yi a garin Bowling Green na jihar Ohayo tun 1967 ta dodannin injina ce, masu aman hayaƙi. Amma akwai rukunin tsofaffin taraktoci, galibi ƙirar kafin 1960, inda ake ƙayyade gudu da kusan kilomita biyar ko shida a awa. Nan ne jika ke zuwa da taraktar da kakansa ya yi noma da ita. Nan ne kuma wata ɗabi'a ke yaɗuwa wadda ta cancanci a tsaya a duba.

A ɗauki Farmall M, wadda kamfanin International Harvester ya fara ƙerawa a 1939. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa kusan lita 4, yana juyawa sau 1,450 a minti, ƙarfinsa bai kai doki 40 ba. Yau makanikan gasa suna rarake silindojin, su sa manyan fistoci, su canza sandar da ke juya su domin bugun ya ƙara tsawo, su aske kan injin don matsi ya ƙaru, su buɗe kafireta. Injin ya haura lita 6, ƙarfi ya ninka, amma daga waje jan fentin nan ne na asali.

Babu mai raina wannan gwaninta. Fitar da ƙarfi daga ƙarfen da ya shekara tamanin aiki ne na masu ido da haƙuri, kuma taraktoci da dama da tsatsa za ta cinye a bayan rumbu gasar ce ta tashe su.

Matsalar tana wurare biyu. Na farko, aikin ba ya komawa baya: gangar injin da aka rarake ta raraku ke nan, idan ta tsage kuwa sai a nemo wata tsohuwar tarakta a farke. Farmall M za ta iya jure wannan, tunda an ƙera sama da 250,000. John Deere G, mai silinda biyu da kusan lita 7, wadda 'yan gasa ke rububi saboda ƙarfin janta, yawanta bai ko kusanci haka ba, kuma kamfanin ya daina irin wannan inji tun 1960.

Na biyu shi ne adalci. Idan mai injin asali ya kara da wanda ya zuba dubban daloli a ciki, aljihu ne ke gasa. Abin da ya kamata ya raba gardama, wato sanin ƙasa, iskar taya, inda za a rataya nauyi da giyar da za a zaɓa, sai ya zama ba shi da tasiri.

Maganin yana hannun masu shirya gasa. Jami'ar Nebraska tana gwada taraktoci tun 1920, kuma alƙalumman ƙarfin waɗannan samfura suna nan a rubuce. Wasu ƙungiyoyi sun riga sun raba rukunin injin asali da na wanda aka taɓa, suna auna juyawar inji kafin a shiga fili. Ya kamata a tsaurara wannan awon, a haɗa da gwajin ƙarfin taraktocin da suka yi nasara, kuma a ba rukunin asali kyauta daidai da ta sauran, domin mai G lafiyayyiya ya sami dalilin barin ta yadda take.