Bitar Kai a Aikin Koyarwa: Tsakanin Cika Fom da Duba Littafin Yara

A ƙarshen tsarin darasin da malaman firamare da sakandare ke rubutawa, wanda a bakin malamai ake ce wa lesin not, yawanci akwai gurbin da aka bari domin malami ya faɗi yadda darasin ya kaya. Duk wanda ya taɓa buɗe littattafan nan ya san abin da ake rubutawa a wurin: ɗalibai sun fahimta, darasi ya yi nasara. Wani ma tun daren Lahadi yake cika gurbin, saboda da safiyar Litinin hedimasta zai sa hannu, kafin a taka ƙafa cikin aji ke nan. Gurbin nan shi ne kusan abin da ya iso mana daga wata babbar al'ada a fagen horon malamai, wato bitar kai, inda malami ke waiwayar aikinsa da idon bincike domin ya gyara na gobe. Al'adar tana da daraja, kuma ina ganin mun karɓi fom ɗinta mun bar aikinta.

Asalinta a ilimin zamani yana komawa ga John Dewey, masanin falsafa ɗan Amurka, wanda ya yi littafi kan yadda mutum ke tunani a 1910, ya sake faɗaɗa shi a 1933. A wurinsa tunani na gaskiya daga ruɗewa yake farawa. Sai abu ya cije wa mutum, sannan ya tsaya ya gano ainihin matsalar, ya kawo zato, ya gwada zaton. A 1983 Donald Schön na jami'ar MIT ya ɗora a kan wannan. Ya zauna yana kallon masu zanen gini da injiniyoyi da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a bakin aikinsu, ya ga cewa gwani ba ya ɗauko ƙa'ida daga littafi ya liƙa wa matsala. Yana aiki yana sauraron abin da aikin ke mayar masa, yana canza hanya nan take. Sai Schön ya raba abin gida biyu: waiwayen da ake yi ana tsakar aiki, da wanda ake yi bayan an kammala.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, mu shiga aji uku na firamare. Malama ta koyar da ɗebewa mai aro, ta ba da 52 a ɗebe 27. Amsa ita ce 25, amma da ta tattara littattafai sai ta tarar yara da yawa sun rubuta 35. Malamar da ba ta saba waiwaye ba za ta zabga jan biro, ta ce yaran bana ba su da ƙwaƙwalwa, gobe ta maimaita bayanin jiya da ƙarfin murya. Wadda ta saba kuwa za ta lura cewa kuskuren iri ɗaya ne, kuma yara talatin ba sa haɗuwa a kan amsa ɗaya ta hanyar cinke. Akwai wata ƙa'ida da suke bi. Ta kira yarinya ɗaya ta ce ta yi a gabanta tana faɗa da baki. Yarinyar ta ce, “Malama, ai ba a cire babba daga ƙarami, shi ya sa na cire biyu daga bakwai.” Maganar malamar ce ta bara yarinyar ta riƙe da kyau. Sai dai akwai wata hanyar da ke kaiwa ga 35 ɗin: yaro ya ari goma, ya cire bakwai daga sha biyu ya sami biyar, amma ya manta bai rage biyar ɗin gidan gomomi ta koma huɗu ba. Cuta biyu ce da alama ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Yadda za a raba su shi ne a ba da 61 a ɗebe 28. Mai juya lambobi zai sami 47, mai manta ragi zai sami 43, wanda ya gane zai sami 33. Da tambaya ɗaya malama ta san wa ke buƙatar tsinken tsintsiya ɗauri goma-goma ya kwance da hannunsa, wa kuma tuni kawai yake buƙata. Duk abin da Dewey ya faɗa yana cikin wannan ɗan aikin: ruɗewa, zato biyu, da gwajin da zai raba gardama.

An soki Schön, kuma sukar tana da ƙarfi. Michael Eraut na Ingila ya nuna cewa misalansa na mutanen da ke da sararin tsayawa ne su yi nazari, alhali malami a cikin aji yana yanke shawara ne cikin ƙiftawar ido. Idan haka ne a inda aji bai wuce yara talatin ba, ina ga malamin da ke gaban yara tamanin ko ɗari, wasu a kan benci wasu a ƙasa, yana raba faɗa da hannu ɗaya yana rubutu a allo da ɗayan? Shi ya sa nake ganin a halin da muke ciki waiwayen bayan darasi ya fi muhimmanci, kuma dole ya jingina da hujja. Tunawa kaɗai ba ta isa, domin abin da malami ke tunawa shi ne yara biyar na layin gaba da suka ɗaga hannu. Littattafan 'yan baya su ne ke faɗin gaskiyar darasi.

Sai kuma matsalar da ta taso bayan al'adar ta shiga manhaja. A 1988 Graham Gibbs ya tsara zagaye mai matakai shida: me ya faru, me ka ji a ranka, me ya yi kyau me ya ɓaci, me ya jawo, me ka fahimta, me za ka yi nan gaba. Tsari ne mai amfani ga mai farawa, ya kuma bazu a kwasa-kwasan malamai da ma'aikatan jinya. Amma da aka fara ba da maki a kan rubutun waiwaye, sai ɗalibi ya gano irin abin da mai duba takarda ke so: ɗan kuskure marar hatsari, nadama daidai gwargwado, sunan masani ɗaya ko biyu, sannan alkawarin gyara. Abin da ya dame shi da gaske, misali cewa shi kansa bai gane darasin da yake koyarwa ba, ba zai taɓa rubuta shi ga wanda ke riƙe da makinsa ba. Ba na ganin laifinsa. Wanda ya haɗa neman gaskiya da neman maki a takarda ɗaya shi ya jawo.

A Najeriya ba a rasa hanyoyin ƙaro ilimi ga malamin da ke bakin aiki ba. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, lokacin da makarantu suka cika da malaman da ba su da horo, domin su yi karatu daga nesa ba tare da barin aji ba. Jami'o'i da kwalejojin ilimi suna da karatun dogon hutu. Dokar da ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, ta fito a 1993. A 2006 kuma aka fara shirin SMASE na malaman lissafi da kimiyya da tallafin Japan, a jihohin Kaduna da Neja da Filato, kuma ginshiƙinsa bitar kai ce tsantsa: ka tsara, ka aiwatar, ka duba, ka gyara. A Jamhuriyar Nijar ma akwai tarukan CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa kan aikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake isar da horon. A horar da 'yan kaɗan a babban birni, su horar da na jiha, su kuma su horar da na ƙaramar hukuma, kafin abin ya iso ga malamin ƙauye ya zama kwana uku na zama a kan benci, da takardar shaida, da jiran alawus. Ya koma makaranta babu wanda zai tambaye shi me ya gwada.

Jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta tayar da ƙura mai yawa. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi ta, ta tuna mana cewa waiwaye ba ya maye gurbin sanin darasi. Malamar da ba ta san gidan gomomi da kyau ba, ba za ta taɓa ƙirƙiro tambayar 61 da 28 ba. Amma jarrabawa irin wannan tana da nata illar: tana koya wa malami cewa bayyana rauni hanyar rasa aiki ce.

A nan ne abin da Japanawa ke yi ya cancanci dubawa. Sama da shekara ɗari suna da al'adar nazarin darasi. Malamai kaɗan su zauna su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su shiga ajin su tsaya a gefe suna rubuta abin da yara ke faɗa da abin da suke rubutawa, daga baya a zauna a tattauna. Littafin James Stigler da James Hiebert na 1999 ne ya sa duniya ta waiwaye ta. Hikimar ita ce darasin na kowa ne, saboda haka idan ya ɓaci ba mutum ɗaya aka kunyata ba, kuma ido yana kan yara. Mu kuwa, wanda duk ya shigo aji ya zauna a baya da biro, sufeto ne a idon malami, sai a ɗauko darasin nuna wa baƙi. Ga kuma nauyin girma: ƙaramin malami ba zai iya cewa, “Malam, ’yan baya ba su bi ka ba,” ga wanda ya koyar da shi. Amma zai iya ajiye littattafai goma a kan tebur ya ce, “Malam, dubi abin da suka rubuta, me kake gani?” Hujja tana sauƙaƙa abin da kunya ke hanawa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Malamin zaure yakan yi muɗala'a kafin ya zauna ba da karatu, kuma sau da yawa mai ba da karatu da safe shi ne ke ɗaukar littafinsa ya tafi gaban wani malamin da yamma, ba wanda ke ganin girmansa ya zube.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne furojet ɗin ƙarshen kwas na malaman da ke ƙaro ilimi. Malamin da ya shekara goma sha biyar a aji, yana da tambayoyi cike da ciki, sai a ba shi take irin su tasirin kayan koyarwa a kan ƙwazon ɗalibai, take da aka rubuta sau ba adadi. Ya kwafo babi na biyu daga tsofaffin furojet, ya raba takardar tambayoyi ta na yarda ban yarda ba, wani lokaci ma shi da abokinsa su cike ta a gindin bishiya, a ɗaure da baƙin bango a jibge a ofis. Tun 1975 Lawrence Stenhouse ya yi kira da malami ya zama mai bincike a cikin ajinsa, kuma babu wanda wannan ya fi dacewa da shi kamar mai karatu yana koyarwa, tunda wurin gwajinsa yana jiransa kowace safiya. Da za a bar malamarmu ta aji uku ta yi furojet ɗinta a kan 35 ɗin nan, dole ta karanta abin da aka rubuta kan kurakuran yara a ɗebewa, kuma za ta karanta da yunwa domin amsa take nema. Za ta koyi bambanta abin da ta gani da abin da take zato, ta koyi ambaton wanda ta ɗauko magana daga wurinsa, ta koyi jera hujja a rubuce. Ƙwarewar karatun jami'a ke nan, ba wata aba ce daban ba.

Saura batun harshe. Malamai da yawa da Hausa suke tunani a kan ajinsu, da ita suke tattauna shi a ɗakin malamai, amma da an ce su rubuta sai Turanci ya tilasta musu jimlolin da suka haddace. A bar ɗan littafin waiwaye na yau da kullum ya kasance da Hausa, layi huɗu ko biyar bayan an tashi, kada kowa ya sa masa hannu, kada a ba shi maki. Abin da za a miƙa wa kwaleji a fassara shi daga baya. Lokacin yin hakan kuma sai an yanko shi daga jadawalin makaranta, ko da awa ɗaya ce a mako, domin malamin da ke fita daga aji ya hau babur neman abin cefane ba zai samo shi da kansa ba. Wannan kuwa yana hannun hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.